Kafin ka karɓi makullin motar wani

Akwai samarin da in suka ga mota ta yi butu-butu da ƙura hannunsu ƙaiƙayi yake. Irin wanda zai wuni a kan motar yayansa, ya bi lungun dashbod da buroshi, ya zaƙulo yashin da ke maƙale a ƙarƙashin kujera, ya goge fenti har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, kuma ba don an biya shi ba. In kai ne wannan, na san an sha ce maka, "Kai wane, ka mayar da wanke mota da goge fentin nan sana'a mana." Shawara ce mai kyau, ni ma ina bayanta. Sai dai masu ba ka ita ba za su kasance a wurin ba ranar da mai mota zai tsaya a kanka yana nuna maka tabon da babu shi da safe. Don haka ɗan'uwa, zauna mu yi magana kafin ka buga kati ka fara raba wa mutane.

Son aikin nan da ya sa ka ƙware, shi ne abu na farko da zai nemi karya ka. Mai sha'awa ba ya duba agogo. In ya ga ɗan tabo a kafet zai iya ɓata awa guda a kansa, ransa fari. Mai sana'a kuwa lokacinsa ne hajarsa, ba shi da wata. In kun yi ciniki a kan aikin awa 3, sai son ganin komai ya yi fes ya riƙe ka awa 9, to ka sayar da kowace awa a kan sulusin kuɗinta, kuma mai motar bai ma san ka yi masa alheri ba. Gobe da wannan kuɗin zai dawo, ya kuma turo abokansa da shi. Haka ake samun yaro mai hannu, mai kwastomomi da yawa, kullum a gajiye, kullum aljihu wayam.

Maganin abin ba wuya, sai dai ba daɗi. Ka riƙa rubuta lokacin da ka fara da lokacin da ka gama, a kowace mota, har ka san tsawon da wankin waje yake ɗauka a hannunka, da na ciki, da na goge fenti. Sannan ka lissafa abin da ke ƙarewa ba ka gani: sabulu, tawul da ke mutuwa bayan 'yan wanke-wanke, soson injin goge fenti, ruwa, wuta ko man janareta, kuɗin zuwa da dawowa, da injin kansa da ke tsufa a hankali wanda wata rana dole a sake shi. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ladanka. Da yawa cinikin yini suke ƙirgawa su ce riba ce.

Kuma kar ka kuskura ka yanke farashi ta waya. "Ai ba ta da wani datti" magana ce da kowane mai mota yake faɗa da zuciya ɗaya, don idonsa ya saba da motarsa. Sai ka buɗe ƙofa ka tarar da gashin dabba ya shige zaren kujera, ko madarar da yaro ya zubar ta yi wata guda a ƙarƙashin kafet, ko ruwa ya taɓa shiga har ƙasa ta yi funfuna. Kowanne cikin waɗannan zai iya ninka maka lokaci. Ka gani da idonka, ka faɗi abin da za ka yi da abin da ba za ka yi ba, sannan ka faɗi kuɗi. In ka riga ka karɓa kuwa, ba zancen ja da baya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. 'Yan'uwa da abokai ma ka tsayar musu da ƙa'ida tun ranar farko, ko ragi sananne ko kyauta bayyananna, don "zan gan ka" ba ta sayen sabulu.

Yanzu ga inda nake so ka fi nutsuwa, wato fenti. Abin da kake gani yana sheƙi a jikin mota ba abu ɗaya ba ne. Akwai shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe, sai launin, sai wata shimfiɗa garai-garai a sama wadda ita ke ba da ƙyalli, ita ke kare launin daga rana. Ana auna kaurinsu da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A galibin motocin da ke da fentin kamfani, duka shimfiɗun a haɗe ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 180 ba, ta saman kuwa wajen 40 zuwa 50 ce. Takardar ofis guda ɗaya kaurinta wajen 100 ne. Ka ga ke nan abin da kake ɗora wa inji bai wuce rabin takarda ba.

Goge fenti da inji ba cike karce yake yi ba. Kankare saman fentin yake yi har ya zo daidai da gindin karcen, sai ido ya daina ganinsa. Duk abin da ka kankare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Shi ya sa gwani na gaskiya yake fara gwaji a ɗan wuri, da soso mafi laushi da folish, wato man goge fenti, mafi sauƙi, in hakan ya wadatar ya tsaya a nan. Shi ya sa kuma yake jan farce a kan karce: in farce ya maƙale, karcen ya yi zurfin da fitar da shi gaba ɗaya zai cinye shimfiɗar, sai dai a rage masa kaifi a bar shi, ko a tura mai motar wajen mai fenti. Mai sha'awa yana jin barin karce kamar gazawa ce, sai ya ƙara dannawa, ya ƙara, har ya ga launi a jikin soso. A lokacin magana ta ƙare, sai fesa sabon fenti a ƙofar gaba ɗaya, kuma daga aljihunka. Gefen ƙofa da ƙashin bonet da duk inda jiki ya lanƙwasa, nan fenti ya fi siranta, nan inji ya fi ƙonewa. Bamba ta roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, don haka ta fi saurin lalacewa. Motar da aka taɓa yi wa fenti a gareji kuwa ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba sai da na'urar auna kauri, wadda a ganina ta fi cancantar kuɗinka a kan rabin kwalaben da kake kwaɗayi.

Injin goge fenti iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya kai tsaye, mai sauri da ƙarfi, wanda a hannun ɗan koyo yake ƙona fenti cikin ƙiftawar ido, ko ya bar sawun da ke fitowa fili a rana. Akwai kuma mai juyi biyu, yana zagayawa yana kaɗawa, wanda ya fi yafiya. Fara da na biyun. Kuma kar motar kwastoma ta zama makarantarka. Nemi tsohon bonet ko ƙofa a wajen masu kayan gwangwan, ka goge shi har ka ƙona shi da gangan, hannunka ya san yadda zafin yake kafin ɓarna. Ka liƙe roba da gefuna da tef ɗin takarda. Wannan tef ɗin ma don masu fentin mota aka ƙirƙiro shi: Richard Drew na kamfanin 3M ne ya yi shi a 1925, bayan ya ga yadda suke shan wahalar raba launi biyu a jikin mota.

Abin haushin shi ne yawancin ƙananan karcen nan masu kama da zobe da ake gani a jikin baƙar mota a rana, wajen wanki ake yin su. Tsumma ɗaya da ya taɓa taya ya hau ƙofa, bokiti ɗaya da yashi ya taru a gindinsa, goge ƙura a bushe. Ka fara fesa ruwa ya sauke yashi, ka yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, ka fara daga sama zuwa ƙasa, ka ware tawul na fenti daban, na gilashi daban, na taya daban. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar. Kar ka wanke mota jikinta da zafi ko a tsakiyar rana, ruwa zai bushe ya bar gishirinsa tabo-tabo, wani lokaci sai da inji zai fita.

Sinadarai kuma ka ji tsoronsu. Wasu ruwan wanke wili masu ƙarfi suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik ko danginsa, wanda ke ratsa fata ya ci nama har ƙashi, kuma sau da yawa ba a jin zafinsa sai bayan awanni. Karanta abin da ke jikin kwalba, sa safar hannu da tabarau, wanda ba shi da rubutu kar ya shigo wurin aikinka komai araharsa. Kar ka haɗa bilic da abin da ke da amoniya, iskar da ke tashi guba ce. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana lalata baƙar ledar gilashi. Man da ke sa roba sheƙi kar ya taɓa sitiyari ko birki ko totur ko inda taya ke taka ƙasa, santsinsa zai iya kashe mutum. Cikin injin mota kuwa, motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori; in ba ka san abin da za ka rufe ba kafin ka fesa ruwa, ka ce ba ka yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun kayan aiki ba zan daɗe a kai ba. Kar ka ci bashi don ka yi kama da waɗanda kake kallo a bidiyo, da yawansu kamfanoni ne ke ba su kayan don su tallata. Injin feshin ruwa, injin zuƙe ƙura, bokitai, tawul masu kyau, buroshi, da 'yan sinadarai da ka san halinsu sun isa farawa. Kamfanin Meguiar's da kake ganin kwalabensa a ko'ina, a 1901 ya faro a Amurka, kuma da man goge kayan katako na gida ya fara, ba ma na mota ba. Hayar shago ta jira sai aiki ya yi maka yawa. Amma ka binciki dokar inda kake tun da wuri, ta rajistar sana'a da ta zubar da ruwa, don a wurare da yawa an hana sakin ruwan wanki mai sabulu da mai a magudanar ruwan sama.

Sai maganar gaskiya a baki. Akwai folish mai cike karce na ɗan lokaci. Mota ta fita tana walƙiya, bayan 'yan wanke-wanke komai ya dawo. In shi ka shafa, ka faɗa. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar dangin giginya a Burazil, makonni ne ko 'yan watanni yake yi. Shafin seramik, wato ruwan da ake shafa wa fenti ya bushe ya zama siririyar shimfiɗa mai tauri, yana iya kai shekaru in an gyara fentin sosai kafin a shafa, amma ba ya hana karce, ba ya tare tsakuwa, ba ya sa a daina wanki. Lambar nan 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne, ba na duwatsu ba. Wanda ya ce wa kwastoma motarsa ta zama sulke, ranar da makulli ya ja mata layi zai yi bayani. Hotunan "kafin" da "bayan" da za ka saka a Instagram ko TikTok su zama a haske iri ɗaya, da izinin mai motar, ka kuma rufe lambarta.

Motar da ke hannunka amana ce, wataƙila ita ce dukiya mafi tsada da mutumin ya mallaka. Kafin ka taɓa ta ku zagaya tare, ka nuna masa kowane karce da lotsawa da tsagin gilashi, ka ɗauki hoto yana tsaye. Mutane ba sa ganin tabon motarsu sai ta yi tsabta, sannan su rantse da ba ya nan. Ka ce ya kwashe kayansa. Abin da ya bari, ko kwabo ne a ƙasan kujera, ka sa a leda ka miƙa masa. Kar ka tuƙa ta ko zuwa bakin titi ba da saninsa ba, kar ka kunna rediyonta, kar abokanka su zauna a ciki suna ɗaukar hoto. In inshorar masu irin wannan sana'a tana samuwa a inda kake, ka nema da zarar ka fara taɓa manyan motoci. In ka yi ɓarna, ka riga shi faɗa, tare da yadda za ka gyara.

Jikinka ma ka lissafa shi cikin jari. Durƙuso da sunkuyo na yini guda, da karkarwar inji a hannu, da shaƙar feshi a rufaffen wuri, duk suna taruwa. Ka ajiye ranar hutu, ka raba kuɗin sana'a da na aljihu, ka riƙe littafin da ke nuna wa ya zo, yaushe, me aka yi masa, don ka tuna masa in lokacin dawowa ya yi. Mutum goma masu dawowa kowane wata sun fi ɗari masu zuwa sau ɗaya.

Ranar da aiki ya fi ƙarfinka ka ɗauki yaro, kar ka miƙa masa inji a makon farko. Ya fara da taya da kafet da wanke tawul, kana duba bayansa, sannan wankin jiki, sannan ciki. Ka rubuta masa matakan aikin bi da bi a manna a bango, ka biya shi a ranar da kuka yi alkawari. Kowace mota kuma kafin ta fita, kai da kanka za ka zagaya ta da tocila, ka duba gilashi daga ciki, ka taka birki ka ji ko da santsi, sannan ka kira mai ita.