Annobar citta: a dubi makamin da tsiro ke ɗauke da shi

Uwar gida da ta taɓa fama da naman tsohuwar saniya ta san dabarar: a jefa ɗanyar gwanda a tukunya, ko a naɗe naman cikin ganyenta, sai ya yi laushi. Mai wannan aiki wani sinadari ne da ke cikin farin ruwan gwanda, masana suna ce masa papain. Daddatsa furotin yake yi, kamar almakashi a kan zare. Gwanda kuwa don kare kanta ta tanade shi, tsutsar da ta ci ganyen nan ba ta jin daɗi.

Na kawo zancen ne saboda abin da ya sami manoman citta a Kachia, Jaba da Kagarko a daminar 2023, lokacin da cutar fumfuna ta ruɓar da gonaki, wasu ko irin shuka ba su fitar ba. Tun daga nan maganar da aka fi yi ita ce ta feshi. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Irin almakashin gwanda yana nan a tsirrai da yawa, kuma a tumatir aka fi gane yadda yake yaƙi da fumfuna. Akwai wani mai suna Rcr3 da ke cikin ruwan tsakanin ƙwayoyin ganye, daidai hanyar da cutar ke bi ta kutsa. Fumfunar Cladosporium fulvum takan saki wani ɗan furotin, Avr2, ya toshe bakin almakashin. To amma wasu nau'o'in tumatir suna da mai gadi da ake kira Cf-2. Da zarar ya ji an taɓa almakashin, sai tsiron ya kashe ƙwayoyin da ke kewaye da wurin da kansa, kamar yadda ake share ciyawa a gefen gona don gobarar daji ta rasa abin ci. Wannan cuta daga rayayyun ƙwayoyin ganye take samun abinci, don haka nan take mutuwa. An wallafa wannan binciken a mujallar Science a 2005. A masara ma haka ne: 'yar'uwar burtuntuna, Ustilago maydis, tana da nata matoshin mai suna Pit2, kuma da masu bincike suka cire mata shi, sai ta kasa tayar da ƙullutun da ta saba.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai: shi wannan mai gadi, daga wani ɗan ƙaramin tumatirin daji na Kudancin Amurka aka samo shi, aka aurar da shi ga na gona. Wato kariyar tana cikin bambancin iri. Mu kuwa cittarmu kusan biyu ce, tafin giwa da yatsun biri, kuma da saiwa ake dasa ta, don haka gonar bana kwafin ta bara ce. Cutar da ta gano lagon tushe ɗaya ta gano na gari guda.

Na san manomin da bashi ya yi wa katutu ba zai jira binciken shekara goma ba. Gaskiyarsa, a ba shi magani da iri mai tsabta, kuma malaman gona su isa gare shi kafin ruwa ya sauka. Sai dai feshi kuɗi ne duk shekara, fumfuna kuma tana sabawa da magani idan aka dame ta da iri ɗaya.

Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a nan Zariya, wadda ta ba mu masarar SAMMAZ, ga kuma cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike a jihar Abiya, da ke da alhakin citta. Citta ma tana da nata almakashin, zingibain. Ya kamata gwamnatin Kaduna ta ware kuɗi a kasafinta, ta haɗa cibiyoyin nan biyu, a bi gonakin da annobar ta ratsa a tattara duk tushen da ya tsira, a shigo da wasu nau'o'in daga waje, a gwada su a ƙasar Kachia.