Ku daina ɗora wa yara Kins Indiyan tun ba su iya riƙe tsakiyar allo ba

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cin raina, kuma abin da ya faru ranar Asabar a wajen mai shayin da muke zama a Bauchi Road a Jos shi ya sa na ce yau sai na rubuta. Akwai wani yaro ɗan makwabtanmu, bai fi shekara 14 ba, wata takwas kenan da ya fara wasan ces (chess), yana da kai wallahi, lissafin tarko ba ya yi masa wuya. Ya zauna da wani dattijo da ke zuwa daga Farin Gada, Baba ya riƙe fari, yaro ya riƙe baƙi. Ina tsaye ina kallo. Baba ya tura soja d4 (kowane gida a allo yana da suna, harafi da lamba), yaro ya fito da doki f6, sai g6, sai bishof g7, sai d6, sai ya yi kasil wato ya ɓoye sarkinsa a lungu bayan sojoji, wannan jerin shi ne buɗin wasan da ake kira Kins Indiyan, duk cikin sakan kaɗan ko kallon abin da Baba ke yi bai yi ba. Shi kuwa Baba ya jera sojojinsa a c4 da d4 da e4, ya ƙara f3, ya kawo bishof e3, sarauniya d2, ya yi kasil ta dogon gefe, ya kai bishof h6, sannan ya fara turo sojan h, h4, h5. Kafin shayina ya huce an buɗe layin h an cinye bishof ɗin da ke gadin sarki, sarauniya ta sauka h6, wasa ya ƙare. Suka sake, haka. Suka sake na uku, haka dai.

Da ya tashi ya zo wajena ido ya yi ja ya ce Yaya ni fa duk abin da aka ce a bidiyo na yi, an ce wannan tsarin yana aiki a kan komai. Wannan kalmar ta "a kan komai" ita ce ta tsaya min a wuya.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san tushen abin ba. Kafin shekarun 1920 koyarwar da ta yi ƙarfi ita ce ta su Siegbert Tarrasch, ka kafa sojojinka a tsakiya, e4 da d4, wanda ya riƙe tsakiya shi ke da gari. Sai wasu suka taso, Aron Nimzowitsch da Richard Réti da Gyula Breyer da Ernst Grünfeld, suka ce ba dole sai ka zauna a tsakiya ba kafin ka mallake ta, kana iya barin abokin karawa ya cika ta da sojoji kai kuma ka ja baya ka saita bishof da doki daga nesa, in sojojin nan sun yi nisa da gida sun zama nauyi sai ka far musu. Wannan tunanin ake kira haifamodan. Kuma ba surutu kawai suka yi ba. A 1922 a Vienna Grünfeld ya doke Alekhine, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, da buɗin da yau ke ɗauke da sunansa. A 1924 a New York Réti ya buɗe da doki f3 ya doke Capablanca, zakaran duniya na lokacin, mutumin da ya yi shekara takwas ba a ci shi wasa ko ɗaya ba a gasa. Kins Indiyan ɗin da yaronmu ke bugawa daga wannan gidan ya fito, sai dai su David Bronstein da Isaac Boleslavsky ne suka raya shi sosai a shekarun 1940 da 1950, daga baya zakarun duniya Fischer da Kasparov suka mayar da shi makami.

To ga inda nake so a fahimce ni. Wanda ya bar wa fari tsakiya ba kyauta ya ba shi ba, bashi ya ba shi, kuma bashi yana da ranar karɓa. A Kins Indiyan ranar karɓar ita ce lokacin da za ka buga e5 ko c5 ka daki sojan d4. In ka wuce wannan lokacin, ka ci gaba da jera kaya a layi uku na baya kana jiran wani abu ya faru, to ka zama mai ba da bashi da ya manta gidan wanda ya ci. Yaron nan a wasa ukun nan ko sau ɗaya bai taɓa tsakiyar Baba ba. Ya haddace motsi biyar na farko, na shida wanda shi ne ainihin buɗin ba a koya masa ba. Tsarin da Baba ya buga sunansa Sämisch, kuma amsarsa sananniya ce, ana iya buga c5 tun a motsi na shida har a sadaukar da soja ɗaya a buɗe wa bishof na g7 dogon layinsa, ko a bi ta doki c6 da a6 da ruk b8 da b5 a kai hari inda sarkin fari zai koma. Ko wanne ka zaɓa dai dole ka motsa, domin wanda ke kai hari ta gefe ba abin da yake so kamar a bar masa tsakiya shiru.

Ni shekara kusan tara ina buga wannan buɗin, ina son shi har yanzu, retin ɗina, wato makin ƙarfin ɗan wasa, a shafin ces na Lichess yana yawo tsakanin 1700 da 1800 a wasan minti goma, kuma daga abin da na gani da idona yadda buɗin nan ke aiki ya danganta ƙwarai da matakin da mutum yake. A can ƙasa, wajen masu farawa, yana cin wasa, wannan gaskiya ne kuma shi ya sa masu bidiyo ke tallansa. Amma a duba me ya sa yake ci. Sarkinka ya shiga ɗaki da wuri, ba wanda zai yi maka mat, wato kama sarki, a motsi huɗu ta f7, shi kuma fari bai san me zai yi da filin da ka bar masa ba, sai ya yi ta tura sojoji har ya bar wani abu a sake ka ɗauka. Wato ba buɗin ne ya ci ba, kuskuren ɗayan ne, kuma da e5 ka amsa wa e4 ko d5 ka amsa wa d4 ma da ka ci wannan wasan, har ka koyi wani abu a kai. Illar ita ce yaro yana ganin yana ci sai ya ɗauka ya iya.

Matsalar tana fitowa ne a tsakiya, wajen mutanen da suka ɗan kwana biyu, irin su Baba, irin yawancinmu da ke zama a Terminus da Anguwan Rogo da cikin jami'a muna bugawa. A wannan matakin fari ya riga ya koyi tsari ɗaya mai sauƙi, bishof h6 da h4 h5, ko ya jera sojoji huɗu c4 d4 e4 f4 ya taho kamar ambaliya, ko ma ya ƙi shiga rigimar gaba ɗaya ya buga tsarin Landan da bishof f4. Aikin fari a bayyane yake, yaro ma zai gane. Aikin baƙi kuwa sai ka san abubuwa da yawa da ba a gani a ido. Misali yaron ya tambaye ni, Yaya in na buga e5 ai zai cinye sojan, yana da soja da doki a kai. Na zaunar da shi na jera masa: a babban layi in fari ya ci e5 ka rama da sojan d6, ya yi musayar sarauniya a d8 ka ci da ruk, in ya yi kwaɗayi dokinsa ya ɗauki e5 sai naka dokin ya ɗauki e4, bishof na g7 ya buɗe a kan dokinsa, ka dawo da sojanka. Ya yi shiru yana kallon allo ya ce ashe haka ne. Irin waɗannan ƙananan dabarun su ne ke riƙe da buɗin gaba ɗaya, kuma suna da yawa, wanda bai san su ba zai ji tsoron buga e5, wanda kuma ya ji tsoron e5 to ba Kins Indiyan yake bugawa ba, zama kawai yake yi a lungu.

Sannan akwai layin da ya sa yawancinmu muka kamu da son abin, wanda ake kira Mar del Plata, sunan garin Ajantina inda Gligorić ya doke Najdorf da shi a 1953. Fari ya rufe tsakiya da d5, dokinka ya koma e7, daga nan kowa ya kama gabansa. Shi yana fasa gefen sarauniya da c5 yana neman shiga ta layin c, kai kana tura f5, f4, g5, g4, sojojin da ke gaban sarkinka da kansu kake turawa zuwa kan nasa sarkin. Tsere ne. In ya riga ka zai cinye maka gefe guda, in ka riga shi mat ne. Wallahi babu abin da ya kai wannan daɗi a ces in ya tafi daidai. Amma ko a nan sai ka ga ɗan matsakaici ya ba da bishof ɗinsa na c8 a musaya don yana ganin bai motsa ba tun farkon wasa ba shi da amfani, alhali shi ne zuciyar harin, shi ne ake jefawa a h3 a fasa gidan sarki. Shi kuma na g7 da ake ta yabo, a wannan layin sojanka na e5 ya toshe shi, wani lokaci sai an zagaya da shi ta f8 ko h6 kafin ya yi numfashi. Wanda aka koya masa cewa bishof na g7 shi ne komai, ta ina zai gane wannan?

Lokaci ma yana canza lissafin. A wasan minti uku a waya baƙi yana jin daɗi, domin barazanar mat tana rikita mutum in agogo na gudu, kuma kai ka san inda kayanka za su tafi ba sai ka yi dogon tunani ba. A wasan da ake zama a yi awa biyu ko uku, fari yana da lokacin da zai natsu ya tare harin ya ci gaba da cin gefensa. Na sha ganin wanda ke razana mutane da shi a intanet ya zo gasar kan tebur an matse shi kamar lemo.

A can sama kuma wajen manyan gwanaye labarin ya sake juyawa. Kasparov ya yi shekaru yana cin mutane da shi, sai Vladimir Kramnik ya zo da b4 a motsi na tara, harin da ake kira Bayonet, ya doke shi da shi a Novgorod a 1997, bayan nan Kasparov ya ajiye buɗin kusan gaba ɗaya. Injinan ces irin su Stockfish ma sukan nuna fari ya ɗan fi a yawancin layukan saboda filin da yake da shi. Duk da haka bai mutu ba. Teimour Radjabov na Azarbaijan ya dawo da shi a shekarun 2000 yana buga shi da manyan duniya, Hikaru Nakamura kuma a 2010 ya doke Boris Gelfand da shi a wasan da ya yi ta barin sarauniyarsa a bakin ci ba a iya ɗauka ba saboda mat na jira. Sai dai a yau in babban gwani yana neman kwanciyar hankali da baƙi a kan d4 ya fi karkata ga Nimzo Indiyan ko Grünfeld ko tsohon d5, Kins Indiyan sai ranar da dole sai an ci, ko a wasan sauri. Su sun san haɗarin da suke ɗauka, sun zaɓe shi da ido buɗe, kuma sun shafe shekaru suna buga tsakiya ta gargajiya kafin su fara ba da ita bashi. Ko Fischer ɗin da yake buga Kins Indiyan da Grünfeld da baƙi, in ya riƙe fari e4 yake buɗewa da shi kusan kullum.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu nan ba mu da masu koyarwa da yawa. Tun da ɗan wasan ces na Najeriya Tunde Onakoya ya yi wasan awa 60 ɗin nan a Times Square da ke New York a 2024 yara da yawa suka fara sha'awar ces, har a unguwanninmu, iyaye ma sun fara yarda cewa ba caca ba ce. Amma malaminsu waya ce, data ɗin naira ɗari biyu da bidiyon minti goma mai cewa ga buɗi ɗaya da zai ishe ka har abada. Mai bidiyon yana neman masu kallo ne, ba zai zauna da yaron ranar da aka ci shi sau uku a jere ba. Mu da muke kusa da su mu ne za mu zauna.

Ni ra'ayina, kuma na san wasu abokaina da muke bugawa tare ba za su yarda ba, yaro ya yi aƙalla shekara ɗaya ko biyu yana amsa e4 da e5, yana amsa d4 da d5. Ya ji yadda ake riƙe tsakiya, ya ji yadda take zama nauyi in an matsa mata, a ci shi a buɗaɗɗen wasa inda zai ga kuskurensa a fili ya gyara. A Kins Indiyan in an ci ka sau da yawa ba ka ma san a ina ka ɓata ba, kawai numfashi ne ke ƙarewa a hankali, kuma wannan ba ya koyar da mai farawa komai sai karyewar zuciya. In ya kai inda shi da kansa zai iya riƙe fari ya jera c4 d4 e4 ya san me zai yi da su, to a lokacin a nuna masa yadda ake rusa su, ni da kaina zan nuna masa da farin ciki.

Yaron dai na ce masa ya ajiye g6 tukuna. Bai ji daɗi ba, ya ce Yaya ai kai ma shi kake bugawa. Na ce haka ne ƙanena, amma sai da na yi shekara huɗu ina buga d5. Mun yi da shi zai riƙa zuwa duk Asabar bayan la'asar, zan riƙe baƙi in buga masa Kins Indiyan shi ya riƙe fari da tsarin Baba, ya kai min harin h4 h5 da hannunsa ya ga ta inda nake fasa tsakiya. Baba ma da ya ji ya ce zai riƙa zuwa da nasa allon, tunda namu dokin fari ɗaya ya ɓace muna sa murfin kwalba a madadinsa.