Yadda littafin besbol ya mayar da ni maigadin takalma

Ni dai har gobe laifin bangon littafin nake gani, ko in ce rashin bangon. Wata Asabar ce na shiga Sabon Gari neman cajar waya, a hanyar fitowa na bi ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kamar tumatir, sai idona ya faɗa kan wani da bangonsa ya yage an liƙa masa kwalin Indomie da salatif. Na buɗe shafin farko na ga an rubuta Moneyball. To jama'a tsakani da Allah, mutumin da ya yi shekara ashirin yana biyan kuɗin gidan kallo, ya ga kuɗi ga kuma ƙwallo a kalma ɗaya, me kuke so ya ɗauka? A ƙasan sunan ma an ƙara da cewa wai dabarar cin wasan da babu adalci a cikinsa. Na ce shikenan, wannan ai labarinmu ne da alƙalan wasa. Na tambayi mai littafin na ce Oga na ƙwallo ne? Ya ce na ƙwallo ne mana. Kuma maganar gaskiya ba zan ce ya yi min ƙarya ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Ko gida ban kai ba, a cikin adaidaita na ɗauki hoton shafin na tura gurup ɗinmu na 'yan ƙwallon safiyar Lahadi, mu magidanta ne duka, kowa da tumbinsa da ciwon gwiwarsa, na rubuta cewa na samo littafin da manyan kociyoyin Turai ke ɓoyewa, kuma duk Juma'a zan dinga kawo sharhin babi ɗaya. Kafin la'asar an raɗa min suna Farfesa.

Da daddare na zauna karatu. Shafi goma babu gola. Shafi ashirin babu kwana babu fenariti, sai wasu dattawa da ke yawo a mota gari-gari suna duba samari, da wani saurayi mai suna Billy Beane da kowa ke cewa Allah ya yi shi don wannan wasa. Sai can na ga ana maganar sanda. Sanda kuma? Na ce ko dai rikici ne ya ɓarke a filin. Da na duba a waya sai jikina ya yi sanyi: Michael Lewis ne ya rubuta, ya fito a 2003, kuma kan ƙungiyar Oakland Athletics ta Kalifoniya yake, wasan besbol, wasan da ban taɓa kallon minti biyar ɗinsa ba a rayuwata. Madam ta leƙo ta ce Baban yara lafiya kake ta zufa ga fanka na juyawa? Na ce nazari nake.

Da ina da wayo da na fito na ce jama'a na yi ɓatan kai. Amma an riga an ce min Farfesa, kuma wanda bai taɓa riƙe sarauta ba bai san wuyar sauka ba. Sai na duƙufa koyon wasan daga tushe, data ta sha wuya a satin nan.

Ga abin da na gano. Mutum tara ne a kowane ɓangare, zagaye tara ake yi, kuma lokacin da littafin ke magana a kai babu ruwansu da agogo, sai an gama a tashi. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya tsaya da sanda zai maka, wani kuma na tsugune a bayansa sanye da kwando a fuska yana cafkewa. In ka maka sai ka yar da sandar ka ruga, akwai tasha uku kafin ka dawo gida, tsakanin kowace da kowace ƙafa 90, sai ka zagayo gida ake ƙirga ci ɗaya. Jifa uku masu kyau suka wuce ka, ka fita. Mai jifa ya yi jifan banza sau huɗu, sai a ce ka taka a hankali zuwa tashar farko kyauta, ba gudu ba haki. Wannan dokar ta burge ni ƙwarai, da akwai irinta a wasanmu da na yi suna. Kuma wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka guda, mu da ake yin 38 a Firimiya har koci na kukan gajiya.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne sata. Mu a nan in mai sharhi ya ce satar gida, an ɗaga tuta ke nan, an soke ƙwallo, ana zagin ɗan wasa. Su can satar tasha abin yabo ce, har ƙirgawa ake a rubuta wa mutum a tarihi. Akwai wani Rickey Henderson, shi ma ya daɗe a Oakland ɗin, sau 1,406 ya yi, ba a kai shi caji ofis ba sai ma girmama shi da aka yi. Na so in gwada dukan da kaina don sharhina ya yi armashi, na ɗauko muciyar madam na ba yarona ƙwallon tanis ya jefo min a tsakar gida. Jifa shida ban taɓa ko ɗaya ba, a na bakwai na samu filas ɗin shayi. Wannan babin mu bar shi.

Amma fa da na fara ganewa sai littafin ya kama ni da gaske. Shi Billy Beane ɗin nan da dattawa suka yi ta yabon ƙirarsa, New York Mets ta ɗauke shi a 1980, bai tsinana abin kirki a fili ba. Da ya zama manajan Oakland sai ya ce tunda ido ya yaudari mutane a kansa, shi ya daina yarda da ido. A 2002 albashin 'yan wasansa duka wajen dala miliyan 40 ne, na New York Yankees kuwa ya haura miliyan 120. Sai shi da wani mataimakinsa da ya karanta tattalin arziki a Harvard, Paul DePodesta, suka koma kwamfuta suna neman 'yan wasan da kasuwa ta raina, mai ƙiba, mai tsufa, mai jifa ta ƙasa-ƙasa kamar yana jifan kaza, in dai lissafi ya nuna mutum na yawan isa tashar farko, ko da ta wannan tafiyar kyautar ce, to a kawo shi. Har akwai inda dattawan ke kushe jikin wani yaro mai ƙiba, Beane ya ce musu su ba wandon jins suke sayarwa ba. Da waɗannan 'yan kwantan suka ci wasa 103 a shekarar, ciki har da 20 a jere. Kofi dai bai samu ba, Minnesota Twins ta fitar da su tun zagayen farko, wannan kuma ban faɗa a gurup ba.

Asalin dabarar ma ba tasu ba ce. Wani Bill James ne, maigadin dare a kamfanin gwangwanin wake a Kansas, yana gadi yana lissafin besbol, a 1977 ya buga ɗan littafinsa da kuɗin aljihunsa. Ku riƙe wannan maigadin, zai dawo.

Ranar Juma'a na saki sharhi. Minti biyu wani ya rubuto, Farfesa wai wasan sanda ka saya mana? Dariya ta cika gurup, sitika kamar ruwan sama. Allah ya taimake ni na riga na tanadi makami. Na ce ku tsaya, wa ke da Liverpool? John Henry, shi ne kuma mai Boston Red Sox ta besbol, shi ya nemi ɗauke Billy Beane da dala miliyan 12.5 Beane ya ƙi, shi Henry ɗin ya ɗauki maigadin nan Bill James aiki, a 2004 suka ci kofin da suka yi shekara 86 suna nema, a 2010 kamfaninsa ya sayi Liverpool. 'Yan Liverpool ɗinmu suka yi tsit, sannan suka fara tura alamar wuta. Sarauta ta dawo.

Da na tsaya a nan da yanzu ina cikin rufin asiri. Amma akwai wani surukin kocinmu da ke buga tsakiya, ni a ganina kwata-kwata bai iya ba, alfarma ce kawai, kuma na daɗe ina neman hanyar da zan zaunar da shi ba tare da an ce hassada ba ce. Sai na kawo shawara a yi irin na Oakland. Na sayi littafin rubutu mai shafi 60 da biro biyu, na ɗauko ɗan yayata da ke aji uku a sakandare, yaro ne mai lissafi kuma ba ya wasa da amana, na ce ya zauna bakin fili duk wanda ya ba da fasin ya rubuta, ya isa wajen namu ko ya tafi wajen abokan gaba. Sati huɗu za a yi, wanda ya zo na ƙarshe benci. Ni da bakina na tsaya gaban mutum goma sha takwas na ce lissafi ba shi da suruki. Na sa kowa ya ɗaga hannu ya amince, har bidiyo aka ɗauka, ni na ce a ɗauka.

Lahadi ta huɗu aka zauna ƙarƙashin dalbejiya, yaro ya buɗe littafi. Na ɗaya wani mahauci ne da muke tsokana saboda ba ya gudu, ashe bawan Allah duk ƙwallon da ta zo ƙafarsa sai ya miƙa wa na kusa da shi salin alin. Na ce kun gani ko, abin da littafi ya faɗa ke nan. Surukin koci ya zo na huɗu. Na ɗan yi tari. Aka ci gaba da sauka, na goma, na sha biyar, ina ta jiran sunana ina cewa a raina ƙila yaron ya ware ni ne saboda ni ne mai tsarin.

Bai ware ni ba. A cikin kowane fasin goma nawa, uku ne ke isa. Har wani layi ya buɗe na daban da ban sa shi ba, ya rubuta a sama "wanda Kawu ya ba mai rake", saboda sau biyu ƙwallona na fita fili ta faɗa baron mai rake. Na ce yaro ka sake dubawa, akwai abubuwan da biro ba ya gani, kamar jagoranci da iya tsayuwa. Koci ya ce Farfesa ai irin maganar dattawan nan ke nan masu yawo a mota, kai ka koya mana. Aka kunna bidiyo. Muryata ta fito tangaram, lissafi ba shi da suruki.

Yanzu sati na bakwai ke nan ina benci, kuma bencin ma ba benci ba ne, bulo ne guda biyu. Ni ke riƙe wayoyi da makullan babura da takalman mutane, ga jakar fiya wata a gefe. Sunan Farfesa ya bi ruwa, Bill James suke ce min, wai shi ma daga gadi ya fara. Makon jiya wani ya turo labari a gurup cewa ita kanta Athletics ɗin ta bar Oakland bayan kakar 2024, tana shirin komawa Las Vegas, ya tambaya ko zan yi sharhi. Na ce ina da uzuri.

Ɗan yayata kuwa koci ya riƙe shi dindindin, har kuɗin mota yake ba shi. Jiya ya zo gida gaishe ni, ya ga littafin a kan firji madam ta ɗora sabon filas a kai, ya ce Kawu in ka gama da shi ka ara min. Na ce ban gama ba.