Mahaifi na kwance, ƙani na cika shekara

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Akan samu gidan da mahaifi ko mahaifiya na kwance rai a hannun Allah, sai ga ranar haihuwar ɗaya daga cikin 'ya'yan ta zagayo. Nan da nan gida ya rabu biyu. Wasu su ce a yi wa yaro murnarsa, ai ba shi ya ɗora wa Baba ciwo ba. Wasu su ce haba, da wane idon? Kafin a ankara an fara gaba tsakanin wa da ƙani, mara lafiyan kuma yana jin komai daga kan gadonsa.

Maganar hukuncin bikin ranar haihuwa, malamai sun yi saɓani a kai, kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa. Abin da ya dame ni daban ne: ranar nan ta wace ce?

Mu duba Suratul Ahƙaf, aya ta 15. Allah Ya ce uwa ta ɗauki cikin mutum a wahalce, ta haife shi a wahalce, ɗaukar ciki da yaye wata 30. A cikin ayar dai aka ambaci cikarsa shekara 40, sannan aka koya masa abin faɗa: Ya Ubangiji, Ka kimsa mini in gode wa ni'imar da Ka yi mini, ni da mahaifana. Ka ga inda Alƙur'ani ya ƙirga wa mutum shekaru, wajen iyayensa ya juyar da fuskarsa. Ranar da ake cewa taka ce, ba ka tsinana komai a cikinta ba sai kuka. Wata ce ta yi naƙuda, wani ne ya kasa zaune ya kasa tsaye har aka yi masa albishir. To idan ɗayansu ne yau a kwance, ta yaya za a bar shi da majinyaci ɗaya a tafi wani wuri ana shewa, ana ɗora hotuna? Shi ma fa yana iya ganin hotunan nan, ko a nuna masa.

Wani mutum ya zo wa Manzon Allah (SAW) zai yi mubaya'a a kan hijira, ya ce ya baro iyayensa suna kuka. Aka ce masa ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Abu Dawud ya rawaito. Hijira ke nan fa, ba walima ba. Sayyidina Usman (RA) bai halarci Badar ba a shekara ta 2 bayan hijira saboda jinyar matarsa Ruƙayya, kuma Annabi ya ba shi lada da kason wanda ya halarta.

Amma ku ma masu cewa a rufe komai, ku sassauta. Gidan jinya ba gidan makoki ba ne, kada ku yi wa mutum ta'aziyya da ransa. Babu abin da ke karya zuciyar mara lafiya kamar ya ga kowa ya shigo da ɗaurarriyar fuska, ana ƙus-ƙus a bakin ƙofa. Sai ya ɗauka likita ya faɗi wani abu ana ɓoye masa. Kuma idan mai ranar ƙaramin yaro ne, shi ma yana cikin tsoro, wata da watanni hankalin kowa na asibiti, babu mai tambayarsa ya makaranta. Cewa da shi "Allah Ya raya, Ya albarkaci rayuwarka" bai rage wa Baba komai ba.

Abin da na ga ya fi dacewa, idan jikin ya yi sauƙin da zai iya ganin mutane kuma likita bai hana ba, ku kai murnar wajensa. Mai ranar ya durƙusa ya ce, "Baba, yau na ƙara shekara, a sa mini albarka, a yafe mini." Addu'ar mahaifi ga ɗansa tana cikin waɗanda ba a mayarwa. Ku bar shi ya ba da labarin ranar da aka haifi yaron, tsofaffi na son wannan hira, kuma sau da yawa a nan za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba. Kada ku daɗe, kada ku cika ɗakin, kada a ɗauki hotonsa cikin wannan hali a watsa. Kafin ku tashi ku karanta masa "As'alullahal Azim, Rabbal Arshil Azim, an yashfiyaka" sau 7, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Abbas.

Idan kuwa jikin ya tsananta, a ɗage. Kuɗin da aka ware a zuba a magani ko a yi sadaka da niyyar Allah Ya ba shi lafiya, babban wa ko yaya ya kira mai ranar gefe ya yi masa bayani da taushin murya. Daga nan a zauna a tsara wanda zai kwana wajen Baba yau, domin wadda ta saba kwana ita ma ta samu ta runtsa.