Babur Mai Taya Huɗu da Kunnen Bakaniken Daura

Wata Asabar cikin watan Afrilu na yi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga Kolambus, babban birnin jihar Ohayo inda nake zaune, zuwa wani ƙauye, domin in duba babur mai taya huɗu da wani mutum ya sa a kasuwa a Facebook. Yamaha YFZ450 ne, an wanke shi fes, an goge robobinsa har suna ƙyalli. Kafin in ce a tayar da shi sai na durƙusa na ɗora bayan hannuna a jikin injin, kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro a garejin kawuna a Daura, na kuwa ji shi da ɗumi, alhali safiyar da sanyi aka tashi. Na tambayi mai shi ko ya tayar da shi kafin isowata, ya ce a'a. Na nemi izini na cire kujerar, na buɗe akwatin matatar iska, na zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, yatsan ya fito da ƙura mai laushi kamar garin tuwo. A nan ne mutumin ya dube ni, ya tambaye ni ko a ƙasar da na fito an taɓa ganin irin wannan abin hawa, ya ƙara da cewa gara in je in karanta a intanet tukuna kafin in zo in ɓata masa lokaci. Na mayar da kujerar, na yi masa godiya, na shiga mota. Maganar nan ta bi ni har gida, ta kwana da ni.

Gaskiya ne ba abin hawa ba ne da aka saba gani a titunanmu. A Amurka iri biyu ne. Akwai na aiki, wanda manoma da mafarauta suka fi saya, mai nauyi, mai wurin ɗaura kaya gaba da baya, wanda sau da yawa duk tayoyinsa huɗu suna ja. Akwai kuma na wasa, wanda shi nake nema. Ba shi da nauyi sosai, tayoyin baya kaɗai ke ja, kaca ce ke juya su a kan sandar ƙarfe guda ɗaya, kuma yawancinsu kuloci a hannun hagu ne, giya a ƙafa, kamar dai baburanmu, sai dai shi totur ɗinsa dannawa ake yi da babban yatsa, ba murɗawa ba. A da masu taya uku ne suka fi yawa, amma saboda yawan haɗari aka daina sayar da sababbinsu a ƙasar a 1988, masu taya huɗu suka gaje su.

Inda ake hawansu kuwa shi ne abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara zuwa. A kudu maso gabashin Ohayo akwai dajin gwamnatin tarayya da ake kira Wayne, yankin tuddai ne da aka daɗe ana haƙar kwal a cikinsa, an kuma keta masa ƙananan hanyoyi musamman domin waɗannan babura. Hanyoyin laka ce da duwatsu da saiwoyin itatuwa da suka fito fili, a gangara rafi a hau tudu, a mahaɗa kuma an kafa alamu domin kada mutum ya ɓata. Abin hawan da faɗinsa ya wuce inci 50 ba ya shiga, sannan dole ne salansa ta kasance da ragar da ke tare tartsatsi domin kada a tayar da gobarar daji. Idan sanyi ya shigo a rufe hanyoyin sai bazara. Mutane kan zo da a-kori-kura suna jan tirela, kowa da hular kwano da gilashin ido da takalma masu tsawo, su kafa tanti, su kwana biyu suna birgima cikin laka, su koma gida ranar Lahadi suna cewa sun huta. A maƙwabciyar jiha, Wes Bajiniya, akwai hanyoyin Hatfield-McCoy da aka buɗe a 2000, waɗanda suka fi na Wayne girma nesa ba kusa ba.

Wanda zai sayi na hannu domin irin waɗannan hanyoyi, kuskuren farko da yake yi shi ne bin ƙarfin inji. Masu lamba 450, irin su YFZ450 da Honda TRX450R, waɗanda duka suka fito a 2004, don tsere aka ƙera su. Lokacin gyaransu da awannin da injin ya yi yana aiki ake lissafa shi, suna son a riƙa juye musu baƙin mai a kai a kai, kuma ƙura kaɗan idan ta tsallake matata sai ta cinye musu bawul. Shi ya sa injin da aka ɗumama kafin mai saye ya iso abin tuhuma ne, domin alamar farko ta bawul da ya fara lalacewa ita ce wahalar tashi da sanyi. Yamaha Banshee kuma, mai silinda biyu da ake haɗa masa fetur da mai, wanda aka daina sayarwa a Amurka bayan 2006, yana da masoya har gobe, amma ba shi da ribas, kuma sai an ɗaga totur sosai ƙarfinsa ke fitowa, abin da ya fi dacewa da fili mai rairayi fiye da tsakanin itatuwa. Ribas ba ƙaramin abu ba ne a hanyar da ba ta da wurin juyawa. Wanda bai da shi sai ya sauka ya ja abin da hannu cikin taɓo.

Guda uku ne na ga sun dace da mutum irina. Akwai Suzuki LT-Z400 da ya fito a 2003, mai lagireto da ribas. Akwai Yamaha Raptor 700 da ya fito a 2006, mai inji cc 686 wanda ba ya amfani da kafireta, na'ura ce ke fesa masa fetur, sai dai ya fi tsada. Sai kuma Honda TRX400EX da ya fito a 1999, mai cc 397, wanda iska ke sanyaya injinsa, ba ruwansa da lagireto balle ta fashe a daji, kuma daga 2005 aka sa masa ribas. A kansa na tsaya, saboda inji ne mai sauƙin kai, irin wanda duk yaron da ya yi shekara uku a gareji zai buɗe ya mayar ba tare da kwamfuta ba.

Bayan mako biyu na samu na 2006 a hannun wani dattijo. Na tarar da injin da sanyinsa. Na ɗaga gaban na girgiza kowace taya sama da ƙasa in ji ko akwai wasa, na ɗaga bayan na juya tayoyin in ga ko sandar ta lanƙwashe ko boris ya mutu, na duba haƙoran da kaca ke bi, na leƙa ƙarƙashin matakan ƙafa ina neman sabon fenti, domin nan ne ake ɓoye walda idan ƙarfe ya taɓa tsagewa. Na kuma gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da aka buga a jikin ƙarfen, da wadda ke cikin takarda. Dattijon bai ce mini komai ba, sai ya shiga ciki ya fito da wani ƙaramin littafi da ya rubuta ranar kowane juyen mai da kowane canjin filogi tun ranar da ya sayi babur ɗin. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Amma duk da littafin, sai da na kira Daura. Ƙarfe 11 na safe ne a wurina, can kuwa an idar da sallar La'asar. Na ce, “Kawu, barka da yamma, wani inji nake so ka ji mini.” Ya ce, “To ɗana, kai wayar kusa da shi, kai kuma ka yi shiru.” Na tayar. Ya ce in ƙara totur kaɗan in saki, na yi har sau uku. Ya tambaye ni launin hayaƙi, na ce babu shuɗi. Sai ya ce, “Ƙasansa lafiya lau. Ƙas-ƙas ɗin da nake ji a sama yake, bawul ne ke son a daidaita, ba wani abu ba ne. Idan kuɗin sun yi maka, saya.” Da na fassara wa dattijon, sai ya buɗe littafinsa ya nuna mini cewa lokacin daidaita bawul ya wuce da jimawa, ya yi niyya bai samu yi ba. Mutumin da bai taɓa ganin wannan babur da idonsa ba, ta wayar da muryar ma tana yankewa, ya faɗi abin da littafi ya rubuta.

Wannan ne ya sa maganar mutumin farko ta yi mini ciwo. Ya ɗauka sanin inji yana tare da mallakar injin ne. A wurinmu kuwa rashi ne ya koyar da mu. Bakaniken da babu shagon da zai aika a kawo masa sabon fistan gobe, dole kunnensa ya zama na'urar gwaji, kuma baburan da ke bin hanyoyin rairayi tsakanin Daura da ƙauyukan Baure da Zango da Mai'aduwa, ɗauke da buhunan gero da mutum biyu a sama, suna shan wahalar da babu babur ɗin wasa a Ohayo da ya taɓa shan rabinta, amma ana raya su shekara da shekaru. Lakar da mutanen nan ke biyan kuɗi su shiga ranar hutu, ita ce hanyar kasuwar mutanenmu duk damina.

Ba na musun cewa akwai abin koyi a nan. Ba mu da al'adar rubuta gyara, kuma na san ana zuba wa inji mai mai kauri domin a rufe masa ƙara har a gama ciniki. Maganar takarda ma muna da rauni, kuma raunin ya yi mana illa babba, tunda a 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin jihar Katsina ta ɗauka, har da hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi. Lambar shasi da takardar mallaka da ake iya bin diddiginsu abu ne da ya kamata mu riƙe da muhimmanci. Sai dai idan aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin littafin dattijon da kunnen Kawu, ba zan yi dogon tunani ba. Littafi abin da mai shi ya ga dama ya rubuta ne, kuma cikin mutum biyar da na tuntuɓa shi kaɗai ke da shi. Sauran ba su da littafi, ba su da dillalin da zai tsaya musu, ba su san ni ba, ban san su ba, kuma da zarar tirela ta fita daga ƙofar gida shi ke nan, babu wanda zai sake ganin wani. A gida kuwa dillalin da ya karɓi la'ada ya san gobe za ku haɗu a masallaci, mai babur ya san an san mahaifinsa, bakaniken da ya raka ka ya san idan injin ya buga shi ne zai sha kunya a gaban yaransa.

Mun yi ciniki da dattijon cikin minti biyar, babu “albarka”, babu “ƙara dai”, babu shaidu. Na ƙirga masa kuɗi, ya sa hannu a takarda, muka yi musabaha. Na ja tirelar har gida, na sauke babur ɗin a gareji, na tsaya ina kallonsa. Babu maƙwabcin da ya leƙo ya ce Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare hanya. Babu yaran unguwa da suka kewaye shi suna shafawa suna roƙon ɗani. Na tuna ranar da babban yayana ya sayi Jincheng ɗinsa na hannu, yadda aka yi ta shigowa zaure har bayan Isha'i, kowa da abin da zai faɗa game da injin, mahaifiyarmu kuma ta sa aka raba ƙosai sadaka washegari.

A makon da ya biyo baya na zauna daidaita bawul ɗin, Kawu yana kan waya yana gaya mini in tabbatar injin ya huce sarai, in juya shi a hankali har alama ta zo daidai, kada in matse nati fiye da kima. Ana cikin haka ya ce in gaya wa yaron da ke riƙe mini tocila ya matso da ita ta hagu. Na ce masa, “Kawu, babu kowa, ni kaɗai ne, wayar ma a jikin taya na jingine ta.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in ci gaba, mu koma kan bawul na biyu.