Begen da yake bin mu kasuwa ranar Litinin

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Kafin ka kwanta yau, yi wa kanka wannan tambaya: da a ce babu tashin matattu, me zai canja a yadda na tafiyar da makon nan? In amsar ita ce babu komai, to begenmu a bakin ƙofar majami'a muke barinsa duk Lahadi, ba ya bin mu gida.

Ku buɗe 1 Korintiyawa sura 15. Manzo Bulus ya ɗauki dogon lokaci yana kafa hujja cewa Yesu ya tashi: ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, ga almajirai sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, kuma mu ma za a tashe mu da jiki marar ruɓa. Sai ka zaci bayan wannan zai ce mu naɗe hannu mu jira busar ƙaho. Amma a aya ta 58 cewa ya yi mu tsaya daram, mu himmantu ga aikin Ubangiji, gama wahalarmu a cikinsa ba a banza take ba. Da ka shiga sura 16 kuma, sai ga shi yana maganar gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Daga zancen tashin matattu, bai tsaya ko'ina ba sai aljihunmu. Wannan yana taɓa ni ƙwarai.

A Tasalonika an sami waɗanda suka bar aiki suna yawon shisshigi. Bulus, wanda da kansa yake ɗinkin tanti don kada ya nauyaya wa kowa, bai yi musu da wasa ba: wanda ya ƙi aiki, kada ya ci (2 Tasalonikawa 3:10). Jiran Ubangiji ba lalaci ba ne.

Mama mai sayar da hatsi, da ke nake magana. Kin san mudun da aka buga gindinsa ya shige ciki, kin san yadda ake share kan awo da gefen hannu a lokacin da mai saye ya juya yana ƙirga kuɗi. Maƙwabciyar rumfarki tana yi, tana kuma komawa gida da riba fiye da taki. Me zai sa ki riƙe mudu na gaskiya a wannan tsadar? Abu ɗaya ne: kin yarda lissafinki ba a kasuwar nan zai ƙare ba, kuma abin da kika rasa saboda gaskiya yana ajiye a inda asu da tsatsa ba sa ci. Haka ma'aikacin da aka turo masa takarda ya sa hannu a kan aikin da ba a yi ba. Haka ɗalibin da aka miƙo masa satar amsa.

Inda abin ya fi wuya shi ne ramuwa. Cikinmu akwai waɗanda aka ƙona musu gida, aka kashe musu nasu, har yau ba su ga an hukunta kowa ba. Ba zan raina wannan ciwo ba, neman hakki ta hanyar shari'a kuma daidai ne. Amma wanda ya gaskata akwai ranar da Allah zai yi shari'a da adalci, yana iya ajiye adda, domin Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Wanda yake ganin duniyar nan ce kotun ƙarshe, shi ne ba ya iya haƙura.

Sai gidan makoki. Don Allah mu daina hana masu rashi kuka da sunan bangaskiya. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye a Betanya. Abin da 1 Tasalonikawa 4:13 ta hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Mukan cika gidan mamaci da waƙoƙin sama ranar jana'iza, Zumuntar Mata su dafa abinci, matasa su jera kujeru. Bayan mako biyu an kwashe rumfa, an mayar da kujerun haya, gida ya yi tsit, matar mamacin tana zaune da takardar kuɗin makarantar yara a hannu. In da gaske mun yarda za mu sake ganin mijinta a gaban Ubangiji, da wane ido za mu dube shi in mun bar 'ya'yansa sun bar karatu?

Ka san irin wannan gida a unguwarku. Ka je cikin makon nan, kada kuma ka je hannu rabbana.