Gwajin sikila: muna kashe kuɗin a makare

Nema wa masu shirin aure takardar gwajin jini ya zama ruwan dare a Kaduna, a Kano kuwa doka ce tun 2024. Wannan ci gaba ne. Damuwata tana kan lokacin da ake gwajin da ingancinsa. Galibi sai an sa rana, an kai sadaki, lefe ya kusa haɗuwa, sannan a tura saurayi da budurwa ɗakin gwaji. Idan sakamako ya fito AS da AS a wannan gaɓa, wato dukansu suna ɗauke da ƙwayar sikila duk da ba su da ciwon, ga asarar dukiya ga kunyar dangi, sai wasu su shiga neman inda za a rubuta musu AA, wato jinin da ba ya ɗauke da ƙwayar.

Jini kuwa ba ruwansa da abin da aka rubuta. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zama SS, wato mai ciwon sikila, kuma kowane ciki da nasa lissafin, don haka ana iya haifar masu sikila uku a jere. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, ana kuma ƙiyasin jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara.

Ko ba ha'inci, gwaji mai araha yana kuskure. Gwajin da ake ɗiga sinadari a jini a ga ko ƙwayoyinsa sun lanƙwashe ba ya bambance AS da SS. Wanda ake raba nau'o'in jini da lantarki ya fi shi, amma yana buƙatar sinadaran da ba su lalace ba, wutar da ba ta yankewa ana tsakiyar aiki, da samfurin jinin da aka riga aka san nau'insa don kwatantawa, wanda wasu ke tsallakewa don rage kuɗi. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ake karantawa tare da nasa, sai SS ya fito kamar AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ma jinin da ya zo da shi daga ciki yana rikita wannan gwajin. Shi ya sa duk sakamakon da za a gina aure a kansa ya kamata a maimaita shi a wani wurin daban, da na'urar tantance jini ta HPLC, wadda ta fi daidaito, in hali ya yi.

A ganina kamata ya yi KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ta fara zuba kuɗi a ɗakin haihuwa. Akwai 'yan sandunan gwaji irin su HemoTypeSC da ke aiki da ɗigon jini daga dunduniyar jariri ba tare da lantarki ba. Yaron da aka gano da wuri ana fara ba shi penisilin tun yana ɗan wata biyu, da rigakafi, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, daga baya maganin hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon. Kuɗin wannan bai kai na yawan kwanciya asibiti da sayen ledar jini ba. Wanda ya fito AS kuma zai tashi da sanin kansa tun kafin ya fara zance. Maganin gyaran ƙwayar halitta na Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ana sayar da shi dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka, ba kasafin jihar da zai ɗauki wannan.

Sai batun wanda ke riƙe sakamakon. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma takardar budurwa tana yawo daga hannun waliyyi zuwa na 'yan uwan ango, har a fara yi mata kallon marar lafiya alhali AS ba ciwo ba ne. Amurka ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya amfani da irin wannan bayani tun 2008. Liman ko fasto ba ya buƙatar ganin haruffan kowa. Likita ya zauna da su biyun ya yi musu bayani, ya ba da takarda mai hatimi da ke nuna an yi gwajin an kuma ba su shawara, cikakken sakamakon ya tsaya a hannun masu shi.